Wai da gaske Tumai kakanmu ne, ko dai surutun bidiyo ne kawai?

Sani_Kusiri:

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure, ya zafi ya kasuwa. Dan Allah tambaya gare ni kuma ina roƙon wanda ya san abin da gaske ya amsa min, ba mai cewa ai haka na ji ana faɗa ba.

Ƙanina yana ajin tarminal a lise, bana zai zana bak, wato jarrabawar gama sakandare, in Allah ya yarda, to shekaranjiya da dare muna zaune ƙofar gida ana shan shayi sai ya miƙo min waya wai yaya kalli nan. Bidiyo ne na TikTok da faransanci, minti ɗaya da ɗan wani abu, an nuna wata halitta baƙa mai gashi duk jiki tana tafiya da ƙafa biyu a bakin ruwa, ga murya tana cewa wannan shi ne Tumai mutum na farko a duniya, ɗan ƙasar Cadi, daga tsatsonsa duk ɗan Adam ya fito. Can sai ga wani ƙaton dinozor ya leƙo ta bayan itace zai cafke shi, shi kuma ya ɗaga mashi. Daga ƙarshe suka sa hoton nan da kowa ya sani, biri a durƙushe, na gabansa ya ɗan miƙe, na gaba ya ƙara miƙewa, har aka zo kan mutum a tsaye cak.

Matsalar ita ce babanmu yana kusa kan tabarma duk ya ji, ya ce a kashe wannan abin, kuma in abin da ake koya wa yaro ke nan a lekol to gara ya dawo shago. Yaron ya ce wlh yana cikin darasinsu na SVT, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, kuma ana iya kawo shi a jarrabawa, tun daga ranar gidan ba daɗi, uwarmu ce ke ta ba da baki.

Ni kaina kunya ta kama ni, kusan kullum ina ƙetare gadar Ngeli in shiga Injamena saro kaya, sunan Tumai ko'ina na gan shi, a shaguna, a jikin motoci, har kamfanin jirgin sama an taɓa yi mai wannan suna, amma ban taɓa tsayawa na tambaya ba, shin mene ne aka tono ɗin? Gawar mutum ce sukutum ko ƙashi ɗaya? Wa ya ƙirga shekara miliyan 7 ɗin nan da ake faɗa? Kuma da gaske ya yi zamani da dinozor? Ina so in samu abin da zan zauna in faɗa wa tsoho cikin ladabi ba tare da na yi masa ƙarya ba kuma ba tare da yaro ya bar karatu ba.

Alhaji_Mai_Goro:

Wa alaikumussalam. Yaro, babanku yana da gaskiya da ya ji zafi, duk uban da ya ji ana ce wa ɗansa kakansa biri ne dole ransa ya ɓaci. Mu abin da muka sani Allah ya halicci Annabi Adamu alaihissalam daga ƙasa ya busa masa rai, a kan haka muka tashi a kan haka za mu mutu. Amma ban goyi bayan a cire yaro daga lekol ba ko kaɗan, shekara goma sha uku yana wahala sai da ya zo bakin gaɓa a ce ya dawo shago, a'a. Ƙashi dai ba ƙarya ba ne, in an tono an tono, halittun Allah da suka shuɗe ba wanda ya san iyakarsu sai shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani ya zauna a ɗaki da waya ya haɗa hoto ya ce ga kakanka. Akwai malamin lise a zauren nan daga Marwa, ya zo ya warware mana, mu ma mu ƙaru.

Malam_SVT_Marwa:

Allah ya ƙara girma Alhaji, ga ni. Sani ƙanina ka yi haƙuri zan yi tsawo don abin ya daɗe yana ci min rai, duk shekara sai na sha wannan rigimar a aji kuma kusan kullum bidiyon waya ne ke jawo ta ba darasin ba.

Bari in fara da abin da aka samu a ƙasa. Ranar 19 ga Yuli 2001, a hamadar Jurab, wani wuri da ake kira Toros-Menala kimanin kilomita 800 arewa da Injamena, mutum huɗu suna yawon neman ƙasusuwan da suka zama dutse, 'yan Cadi uku da Bafaranshe ɗaya mai suna Alain Beauvilain. Wanda idonsa ya fara faɗawa kan ƙoƙon kan ɗan Cadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye, kuma abin takaici da wuya ka ji sunansa a irin waɗannan bidiyoyi. Babban aikin na haɗin gwiwa ne tsakanin Cadi da Faransa ƙarƙashin Farfesa Michel Brunet na jami'ar Puwatiye, su suka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2002 suka sa masa sunan kimiyya Sahelanthropus tchadensis. Sunan Tumai kuwa daga harshen Goran ne, ma'anarsa fatan rayuwa, suna ne da ake sa wa yaran da aka haifa gab da shigowar rani, kuma marigayi shugaba Idriss Déby ne ya ba da shi.

To mene ne a hannu? Ƙoƙon kai ɗaya wanda nauyin ƙasa ya danne ya murɗe shi, sai gutsattsarin muƙamuƙi da 'yan haƙora na wasu 'yan uwansa, sai ƙashin cinya ɗaya da ba shi da kai ba shi da gindi, da ƙasusuwan hannu biyu. Shi ke nan fa. Ba fata ba gashi ba hanci ba leɓe ba ido. Wannan baƙar halittar da ka gani tana tafiya a bakin ruwa wani ne ya ƙago ta da kwamfuta, launin jikinta da yawan gashinta da yadda take kallo duk daga kansa ya fito, ƙashi ba ya faɗin launin fata. Mashin kuwa ƙarya ce tsagwaronta, ba a samu makami ko wani kayan aiki tare da shi ba, kayan dutse mafi tsufa da aka sani a duniya na ƙasar Kenya ne kuma shekarunsu wajen miliyan 3.3, wato bayan Tumai da fiye da shekara miliyan 3.

Maganar dinozor ita ce ta fi ba ni haushi. Dinozor sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, Tumai miliyan 7, ka ga tsakaninsu akwai wajen miliyan 59, wato nisan da ke tsakanin Tumai da dinozor na ƙarshe ya ninka nisan da ke tsakaninmu da Tumai sau takwas. Fina-finan Amurka ne suka cusa wa mutane wannan hoton na mutumin kogo yana gudun dinozor don ya fi sayuwa.

Me ya sa masana suka damu da ƙoƙon kan haka? Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, wajen santimita kubik 350, daidai da ta birin shimfanze, tamu kuwa wajen 1350. Ta nan ba abin mamaki. Amma fuskarsa ba ta turo gaba sosai kamar ta biri ba, fiƙoƙinsa ƙanana ne kuma sun cinye daga tsini, ba irin na shimfanze masu kaifi da ke wasa kansu a jikin haƙorin ƙasa ba. Babbar hujjar kuma wani rami ne da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai inda laka ke fitowa ta gangara gadon baya. Dabbar da ke tafiya da ƙafa huɗu, kamar kare ko akuya, ramin nan yana can baya saboda kanta a gaban jiki yake rataye. Mu da muke tsaye ramin yana ƙasa sosai saboda kan a ɗore yake bisa wuya kamar tulu a kan gammo. A 2005 masana a Zurik suka ɗauki hoton ƙoƙon da na'urar sikana suka miƙar da murɗewar a kwamfuta, sai ramin ya fito ya fi kama da na mai tsayuwa. A kan wannan aka gina maganar tafiya da ƙafa biyu.

Kuma kar wani ya ce maka duk masana sun yarda. Tun 2002 ɗin wasu, cikinsu har da Brigitte Senut da Martin Pickford waɗanda suka tono wani mai suna Orrorin a Kenya a 2000, suka ce Tumai zai iya zama tsohon biri ne kawai, wataƙila ma mace daga dangin gorila. Bidiyon minti ɗaya ba ya da lokacin faɗa maka wannan.

Lissafin shekaru kuwa ba duba aka yi ba. Da farko dabbobin da ke kwance tare da shi aka kalla, irin tsofaffin aladun daji da giwaye da dawakai masu yatsu uku, aka gwada su da irinsu na Kenya da aka riga aka san shekarunsu saboda tokar dutse mai aman wuta da ke sama da ƙasansu, aka ce tsakanin miliyan 6 da 7. A 2008 aka sake aunawa da wani sinadari da ake kira berilyom 10 wanda ke raguwa a ƙasa da ƙayyadadden sauri, kamar randa mai yoyo da ka san yawan ɗigonta a awa, in ka ga inda ruwan ya tsaya ka san tun yaushe aka cika ta, ya ba da tsakanin 6.8 da 7.2. Shi Beauvilain ya yi ƙorafi cewa ƙoƙon a saman yashi aka tsince shi ba a binne cikin ƙasar da aka auna ba, wannan ma gardama ce da ke rubuce.

Sai hoton jerin biri zuwa mutum. Wani mai zane ne a Amurka ya yi shi a 1965 don ƙawata littafi, masana da kansu sun daɗe suna kuka da shi. Ba wani masani da ke cewa birin da kake gani a dajin Waza shi ne ya zama mutum, ko wai halittu sun yi layi ɗaya ne wannan ya haifi wannan. Abin da suke cewa, kuma ba zan ɓoye wa Alhaji ba don ba na son in sayi zaman lafiya da ƙarya, shi ne mutum da shimfanze sun haɗa tushe ɗaya can da nisa sannan aka rabu rassa rassa, yawancin rassan suka mutu ba su bar zuriya ba. Tumai yana kusa da wurin rabuwar, amma ba wanda zai iya rantsewa cewa shi ne reshen da ya ci gaba. Kalmar "mutum na farko" ta 'yan jarida ce. Mutum irinmu, a lissafinsu, mafi tsufan ƙashinsa na Jebel Irhud ne a Maroko, wajen shekara 300,000.

Direban_Faya:

Slm. Ni ban yi lekol mai zurfi ba amma Malam ka taɓo inda na sani don shekara goma sha ɗaya ina jan kamiyo hanyar Injamena zuwa Faya, mu bi Masaget mu bi Musoro mu bi Salal mu shige Jurab, kuma wlh duk wanda bai taka wurin nan ba ba zai gane abin da ake faɗa ba, gani ya kori ji.

Wata shekara da hunturu mota ta lalace mana gaba da Koro Toro, kwana uku muna jiran a kawo mana kayan gyara, ba itace ba inuwa sai ƙarƙashin mota, iska kuma in ta taso ko yaron motarka da ke gabanka ba ka gani. Rana ta biyu da yamma iskar ta lafa sai na ɗan taka don ƙafata ta saki, ban yi nisa ba na ga ƙasa ta canza, fara fat kamar an zubar da garin rogo, in ka taka sai ta burme ƙura ta tashi, ga ɓawon katantanwa birjik ko'ina irin wanda muke gani a bakin Shari. Na duƙa na tsinci wani abu zagayayye mai rami gaba da baya, faɗinsa ya kai gindin kofin shayi, ina juya shi na gane ƙashin bayan kifi ne don ni ɗan masunta ne ta wajen uwa, na ci giwan ruwa tun ina yaro na san ƙashinta. Jikina ya yi sanyi, ga ni a wurin da in jarkarka ta ƙare ka mutu, amma kifi ya taɓa iyo a kan inda nake tsaye, kifin ma ba ƙarami ba.

Akwai wani dattijo Bagorane cikin fasinja da muka ɗauko daga Salal, na kawo masa na nuna, ko mamaki bai yi ba, ya ce ai kakanninsu suna faɗa cewa kwarin Bahar el Gazal da muka biyo ruwa ne da yake gudu daga tabki ya yi arewa, ya ce in iska ta kwashe tudun yashi wani lokaci har ƙashin kada da na dorina suke gani. Na ajiye ƙashin nan a gaban mota ya fi shekara biyu kafin ya ɓace min.

Shi ya sa ni da na ji labarin Tumai ban musa ba, don wurin da gaske cike yake da ƙasusuwa kuma iska ce ke tono su ba mutum ba, yau ka wuce ba komai bayan wata ka dawo tudu ya matsa ga abu a fili. Tambayata Malam, wannan kifin da na tsinta shi ma na zamanin Tumai ne?

Malam_SVT_Marwa:

Direba Allah ya tsare hanya, abin da ka rubuta ya fi darasina na sati guda, da izininka zan karanta wa ɗalibaina. Amma amsar tambayarka, mai yiwuwa a'a, kuma nan ne mutane da yawa ke cakuɗa abu biyu. Ruwa ya zo ya tafi a wannan kwarin sau da yawa. Na baya bayan nan shi ne babban tabkin da ya cika yankin wajen shekara 7,000 da suka wuce, dubu fa ba miliyan ba, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, ka kwatanta da tabkin Cadi na 1963 da yake wajen 25,000 kuma a lokacin ana ganin ya cika maƙil. Farar ƙasar da ka taka gawarwakin wasu ƙananan tsirran ruwa ne da ido ba ya gani, suka taru a gindin tabkin, ita ce iskar kwarin Bodele ke kwasa ta zama hazon da ke rufe mu a Marwa da Garwa da Kano, wani kason ma yana ƙetare teku ya sauka a dajin Amazon ya zama taki. A zamanin wannan tabkin mutane irinmu ne sak suke zaune a bakinsa, shaida ita ce kwalekwalen Dufuna da wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987 can Yobe, shekarunsa wajen 8,000. Ƙashin da ke warwatse kan farar ƙasa tare da katantanwa yawanci na wannan lokacin ne. Na zamanin Tumai yakan yi nauyi ya yi duhu don ya riga ya zama dutse.

Amma shi ma Tumai a bakin ruwa ya rayu, wani ruwan daban da ya riga wannan da miliyoyin shekaru. A Toros-Menala an samu giwan ruwa da tsage da kadoji da kunkuru da dorina da karnukan ruwa, ga raƙuman dawa da kuraye da wata ƙatuwar kyanwa mai dogayen fiƙoƙi kamar wuƙa. In da mai bidiyon yana son abin tsoro na gaske ga shi nan a hannu bai buƙaci aro dinozor ba.

Wani abu da na manta ban faɗa ba ɗazu kuma kusa da inda motarka ta lalace ne. A Janairun 1995 ayarin Brunet suka samu muƙamuƙin wata tsohuwar halitta mai kama da mutum a gabashin Koro Toro mai shekara wajen miliyan 3.5, suka kira shi Abel don tunawa da abokin aikinsu Abel Brillanceau da zazzaɓin cizon sauro ya kashe a nan Kamaru a 1989. Kafin wannan, ra'ayin da ya yi ƙarfi shi ne duk labarin asalin ɗan Adam a gabashin Afirka ya faru, ƙasar Habasha inda aka samu ƙasusuwan wata irin wannan halitta da aka sa wa suna Lusi a 1974 da Kenya da Tanzaniya, sai ga ƙashi ya fito kilomita 2,500 yamma da can. Wannan ne ainihin abin alfaharin Cadi, ƙasarta ta sa masana sun sake lissafi.

Maman_Hafsat_Garwa:

Sannunku da ƙoƙari, tun jiya nake bin zancen. Malam dan Allah ka ƙarasa maganar ƙashin cinyar don ka ambata ka wuce. Ni kuma ga nawa, mijina ma'aikacin gandun daji ne a nan makarantar kula da namun daji ta Garwa ya yi karatu, shi ya sa irin wannan hira ba ta ƙarewa a gidanmu.

Sani in ƙaninka dinozor yake so ba sai ya je Amurka a waya ba, a nan arewacin Kamaru a kwarin Kum cikin Mayo Rey akwai sawun ƙafarsu a kan dutse, yatsu uku ɓaro ɓaro, laka ce suka taka ta bushe ta zama dutse wajen shekara miliyan 120. A 2024 masana suka fitar da bincike cewa sawayen nan sun yi daidai da wasu da ke arewa maso gabashin Barazil, sama da sawu 260 suka duba a ɓangarorin biyu, saboda a wancan lokacin ƙasar a haɗe take teku bai raba ba, dabba za ta iya takowa daga can zuwa nan. A Nijar kuma wajen Gadufawa cikin Tenere an tono wani kada mai suna Sarcosuchus da tsawonsa ya kai na babbar mota. Duk wannan a ƙasashenmu amma yaranmu sun fi sanin na fim.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wanda ya ɓace a gaban idonmu. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wurinta na ƙarshe a duk duniya nan ne arewacin Kamaru, a 2006 aka bi daji aka nema ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar cewa ta ƙare kwata kwata, saboda ƙahonta aka gama da ita. Surukina ya gan ta da idonsa yana saurayi, 'yata Hafsat sai dai a hoto. Farkon 2012 mahara a kan dawakai suka shiga gandun Buba Njida suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni, mijina ya daɗe ba ya son a tayar da zancen. A Zakuma can Cadi giwaye sun fi 4,000 a 2002, zuwa 2010 saura wajen 450, sai da aka tsaurara tsaro suka fara haihuwa kuma. Mariri ma da aka ce ya ƙare a daji a 2000 an dawo da shi yankin Wadi Rime a 2016 yanzu yana ta yaɗuwa, wannan kam abin farin ciki ne. Kuma a Ennedi cikin kwazazzabon Arshe har yau akwai 'yan kadoji ƙalilan a wani ɗan ruwa tsakiyar hamada, ragowar wancan zamanin ruwan da Malam yake faɗa ne, suna raye ana zuwa ana ganinsu. Ban taɓa cin karo da bidiyonsu a wayar yarana ba sai na halittar da aka ƙaga.

Malam_SVT_Marwa:

Maman Hafsat gaskiyarki. Ƙashin cinyar tun 2001 aka kwaso shi cikin tarin ƙasusuwan dabbobi ba a gane shi ba, sai a 2004 wata ɗaliba a Puwatiye ta lura cewa wannan ba na dabbar kiwo ko ta farauta ba ne, daga nan ya yi shekaru ba a wallafa komai a kansa ba har mutane suka fara tambayar dalili. A 2020 wasu masana suka fitar da nazari suka ce siffarsa ba ta mai tafiya da ƙafa biyu a kullum ba ce. A 2022 ayarin Puwatiye tare da 'yan uwansu na Cadi suka amsa a Nature suka ce a'a yana tafiya da ƙafa biyu a ƙasa, hannayensa kuma sun nuna yana hawan itace sosai. Ƙashi ɗaya, ido biyu, hukunci biyu, kuma da yake kan ƙashin da gindinsa sun karye inda hujjar ta fi ƙarfi ne babu.

Alhaji game da addini ni ba mai ba da fatawa ba ne, musulmi ne ni ina sallah ina kuma koyar da wannan darasi shekara goma sha huɗu. Abin da nake ce wa ɗalibaina, a takardar jarrabawa ka rubuta abin da masana suka gano da yadda suka fassara shi, ka san bambancin ƙashin da fassarar, maganar Annabi Adamu da ruhi kuma ka kai ta gaban malaman da suka san tafsiri don ba a auna ta da berilyom. Akwai aya ta 20 a Suratul Ankabut da ke umartar a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta, ni ita ce ke sa ban jin tsoron duba ƙashi.

Alhaji_Mai_Goro:

Malam Allah ya yi albarka, na gode da ba ka lulluɓe min ba. Maganar haɗa tushe da biri har yanzu ban karɓe ta ba kuma ba na jin zan karɓa, amma na fahimci cewa ba abin da yaron waya ya nuna ba ne ake koyarwa. Sani ka gaida babanku, ka ce masa wani tsoho ɗan uwansa daga Garwa yana roƙon arziki a bar yaro ya zana bak ɗinsa.

Sani_Kusiri:

Na gode ƙwarai Baba Alhaji, Malam, Direba, Maman Hafsat, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na zauna da tsoho, ban fara da Tumai ba, labarin kifin Direba na fara ba shi, ashe shi ma yana saurayi ya yi fataucin kanwa ta wajen Kanem ya ce ya sha ganin katantanwa a inda ba ruwa, daga nan hira ta buɗe har na kai ga ƙoƙon kan da cewa mashin da dinozor ɗin ƙari ne. Bai ce ya yarda da komai ba, amma ya ce yaro ya ci gaba da zuwa lise, da sharaɗin ya goge bidiyon kuma ya koma wajen malaminsu na allo da tambayoyinsa. Ran Asabar zan ƙetara da shi Injamena mu shiga mize nasiyonal, gidan tarihi na ƙasa, mu ga kwafin ƙoƙon da idonmu, tsoho ya ce in ƙafarsa ta bar shi zai bi mu. Malam in mun je ta wane gefe zan duba in ga ramin lakar nan, ana iya hango shi ta cikin gilashi ko sai an juya ƙoƙon?